Kuɗin Zoom da ake cirewa ba ka sani ba

Saƙon banki ya shigo, an cire kuɗi, a jikinsa an rubuta ZOOM.US, kai kuwa ka daɗe ba ka yi taro ta bidiyo ba. Galibi ba damfara ba ce. Zoom na kyauta yakan yanke taro bayan minti 40, shi ya sa mutane da yawa, musamman a kullen korona na 2020, suka saka lambar katinsu suka sayi na biya. To, wannan rajistar sabunta kanta take yi, wata-wata ko shekara-shekara, har sai mai ita ya soke.

Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da biyan, kuma nan ne aka fi yin asara. Sai ka shiga asusunka na Zoom, sashen biyan kuɗi, ka soke da hannunka. Idan ta Apple ko Google Play ka saya, sunansu ne zai fito a takardar banki, can za ka soke. Adadin kuwa yakan sauya idan da dala ake biya, banki na canzawa da farashin ranar.

Wanda bai taɓa yin rajista ba, ya tambayi mutanen gida tukuna, idan ba su ba ne, ya sa banki ya rufe katin nan take.