Dafin Kibiya da Ya Shiga Ɗakin Tiyata

Maharban dazuzzukan Amazon, a Amurka ta Kudu, suna da wani dafi da suke shafa wa kibau, wanda Turawa ke kira kurare. Dabbar da aka harba da shi ba ta shure-shure; jikinta ne zai saki, har numfashi ya ɗauke. Aikinsa ya sha bamban da na kwankwani, dafin maharban ƙasar Hausa, wanda zuciya yake kamawa.

Cikin shekarar 1814 wani Bature, Charles Waterton, ya gwada dafin a jikin wata jaka a London. Da ta faɗi kamar matacciya, sai aka huda maƙogwaronta, aka yi ta hura mata iska da zugazugi har ta farfaɗo. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya. Ashe dafin bai taɓa zuciya ba, tsokar numfashi kaɗai ya tsayar.

To, a ina yake aikinsa? Claude Bernard na Faransa ya amsa wannan wajen 1856, da gwaji a jikin kwaɗi. Ya ga jijiya lafiyarta lau, tsoka ma haka nan, amma saƙo ba ya ƙetarewa daga wannan zuwa waccan. Sai a 1936 Henry Dale da abokan aikinsa suka tabbatar cewa bakin jijiya yana fesa wani sinadari, asetilkolin, wanda ke umurtar tsoka ta tsuke. Kurare yakan riga shi zama a gurbinsa, watau ya toshe ƙofa.

Amfanin wannan ga likita babba ne. A dā, kafin tsokar ciki ta saki a iya yin aiki, tilas a ɗura wa majiyyaci maganin barci mai yawa, wanda shi kansa yana iya kisa. Ran 23 ga Janairu, 1942, a birnin Montreal na Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa wani saurayi allurar kurare ana cikin yi masa tiyatar ciki, tsokar ta saki nan da nan.

Sai dai abin bai zo a banza ba. A 1954 Beecher da Todd suka ba da rahoto daga asibitocin Amurka cewa mace-mace sun ninka kusan sau shida ga waɗanda aka ba irin wannan magani. Laifin, galibi, na rashin kula da numfashi ne. Akwai kuma wani haɗari mafi ban tsoro: maganin ba ya gusar da hankali, ba ya kashe zafi. Idan maganin barci ya gaza, mutum yana jin wuƙa, amma ko fatar ido ba zai iya ɗagawa ba.

Yau an daina amfani da kurare kansa. Magungunan da aka harhaɗa, irin su rokuroniyam, sun maye gurbinsa, kuma tun 2008 Turai ta amince da sugamadeks, wanda ke warware aikin rokuroniyam cikin 'yan mintoci.