In kin sayar da gida za ki sayi wani: kuɗin da hukuma ke karɓa

 Yau maganar gida za mu yi. Tun da rashin tsaro ya addabi ƙasar Ruma, iyalai da yawa daga ƙauyukan Batsari da Safana sun sayar da gidajensu, sun nemi wasu a cikin gari, ko Katsina, ko Dutsinma. Wata gidan gadonta ne, wata kuma da tumunin takabarta ta saya. To ke da ba ki fita, wakili ne zai je ya dawo ya ce miki an cire kaza da kaza. Ya kamata ki san mene ne kazan nan.

Mu fara da wanda kika sayar. Hukuma ba ta ɗora haraji a kan dukan kuɗin, sai a kan riba. Misali kin sayi gida naira miliyan 3, kin kashe miliyan 1 wajen ƙara ɗaki da katanga, kin sayar miliyan 6. Ribarki miliyan 2 ce. A da, kashi 10 cikin 100 ake karɓa. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta ce a haɗa ribar da sauran abin da mutum ya samu a shekara: naira 800,000 na farko babu haraji, daga nan ya riƙa hawa, iyakarsa kashi 25 ga masu samu mai yawa.

Amma ki saurara da kyau a nan. Idan gidan zama ne, da filin da ke manne da shi wanda bai wuce eka ɗaya ba, doka ta yafe wannan haraji. Sai dai sau ɗaya ne a rayuwar mutum. Ke nan in an yafe miki bana, badi kika sake sayar da sabon, ba za a ƙara yafewa ba. Shi ya sa nake cewa ki adana rasit ɗin siminti da kwano, ko a ƙasan adaka ne, domin su ne shaidar abin da kika kashe.

Sai wanda za ki saya. A nan akwai kuɗin hatimi da ake bugawa a takardar ciniki, mai saye ke biya, kashi ɗaya da rabi cikin 100. Gidan miliyan 20, naira 300,000 ke nan. Gidan da bai kai miliyan 10 ba an ɗauke masa, kuma galibin gidajenmu na nan ba su kai ba. Sayar da tsohon gida ba ya rage miki wannan kuɗi, ciniki biyu ne daban. In tsakanin mutum da mutum ne, hukumar tara haraji ta jiha ke karɓa. Harajin VAT kuwa babu shi a kan fili ko gini.

Dokar filaye ta 1978 ta ce fili mai takardar mallaka ta gwamna ba ya canja hannu sai da amincewar gwamna, na karkara kuma sai da ta ƙaramar hukuma. Wannan ma da kuɗinsa da na rajista, sai wakilinki ya tambayo a ofishin filaye, ya kawo miki rasit.

La'adar dillali da ɗan abin da ake ba mai unguwa da shaidu, waɗannan ba haraji ba ne, al'ada ce, ana daidaitawa tun kafin a sallama. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta maye gurbin hatimi, domin kotu na iya ƙin karɓar takardar da ba a buga wa ba.

Kuma don Allah, in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta, ba na maigida ko na Yaya ba, ko da kunya ta kama ki. Ki sa a karanta miki takardar a tsakar gida, gaban shaidu, kafin ki dangwala.