Shinge, Danga ko Katanga: Me Takarda Ta Ce?

'Yan'uwa manoma na Sabuwa, yawancin takardun rance da na kwangila da Turanci suke zuwa. Kafin ƙungiya ta sa hannu a kan aikin killace lambu, ya kamata mu san kalmomin nan.

Fence shi ne shinge kowane iri, ko dangar kara, ko na ƙaya, ko na waya. Hedge shinge ne mai rai, wato wanda aka dasa, kamar aguwa ko bini-da-zugu. Wall katanga ce, ta laka ko ta bulo. Barbed wire waya ce mai ƙaya. Gate kuwa ƙofar shiga ce.

To, idan takarda ta ce fence kawai, ɗan kwangila yana iya kafa kara ya karɓi kuɗin waya, gara ta cinye kafin shekara. Saboda haka sai mu sa a rubuta irin shingen, da tsawonsa, da tsayinsa.

Akwai kuma obstruct, wato tare hanya. Kada shingenmu ya ci burtali. Shanu in sun rasa hanya, gona za su faɗa, daga nan sai rigima.