Hawan Jini Ga Yaro: A Taɓa Ƙafarsa Kafin A Ce Iska Ce

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Badun da Shagamu da Inugu, kowannenmu ya saba da saƙon nan da ke zuwa daga gida: yaro ba lafiya, a aiko da kuɗin magani. A ce mutumin Mbamoi ne, cikin garin Yola, yana fataucin shanu a Ikko. Aka buga masa waya cewa ɗansa mai shekara 12 ya cika ciwon kai da haɓo, in ya yi ɗan gudu sai ƙafafunsa su gaji, kullum kuma suna sanyi ƙalau. Wata ta ce shawara ce, wani ya ce iska ce. Uban ya aika da kuɗi, aka sayo jiƙo da ƙwayoyin zazzaɓi. Ba wanda ya tuna a auna masa hawan jini, domin a ganinmu wannan ciwon dattawa ne.

To, akwai wata cuta da ake haihuwar yaro da ita mai kawo waɗannan alamu. Babbar jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya, wadda likitoci ke kira awota, takan tashi sama cikin ƙirji, sa'an nan ta lanƙwasa kamar baka, ta gangara zuwa ciki da ƙafafu. A kan bakan nan ne rassa uku suka fito masu kai jini ga kai da hannuwa. Wani yaron akan haife shi da matsi a jijiyar, daidai inda bakan ya ƙare.

Duk wanda ya taɓa noman rani a bakin Binuwai ya san abin da ke faruwa in aka taka tiyo inji yana aiki. Wajen injin ruwa ya cika ya kumbura, wajen shuka kuwa sai ɗigo. Haka jikin yaron yake, watau jini ya hau a kai da hannuwa, ƙafafu kuwa ba su samun rabonsu.

Gane ta ba ya bukatar babbar na'ura. Ma'aikacin lafiya zai sa yatsa a wuyan hannun yaron, ɗaya yatsan a matsematsinsa. In jijiyar hannu tana harbawa da ƙarfi, ta matsematsi kuwa da ƙyar ake jin ta, ko kuwa tana makara, sai a auna hawan jini a hannuwa biyu da ƙafa, a tura shi hoton zuciya.

Cikin jarirai 10,000 ana samun kamar 4 da wannan matsi, ya kuwa fi yawa ga maza. In ya yi tsanani yakan bayyana cikin makonnin farko, sau da yawa wajen ranar suna: jariri ya ƙi mama, yana haki, jikinsa ya saki. Wanda nasa bai yi tsanani ba yakan girma da shi bai sani ba. Wani likitan Ingila, Maurice Campbell, ya nuna a 1970 cewa waɗanda ba a yi wa aiki ba, in aka kwatanta shekarunsu, wajen shekara 34 suke rasuwa. Zuciya ce ke gajiya, ko jijiya ta fashe a ƙirji ko a ƙwaƙwalwa.

Har ila yau bakan yana da waɗansu cututtuka. Wani jaririn bakansa biyu ne, sun zagaye maƙogwaro kamar zobe, sai numfashi da ƙara da wahalar haɗiya. Mu manya kuwa, hawan jini da taba da tsohon tunjere sukan sa jijiyar ta kumbura har murya ta dushe. In ta tsage, mutum zai ji azababben ciwo farat ɗaya a ƙirji yana ratsawa zuwa baya. Wannan ba na jira gari ya waye ba ne.

Alhamdu lillahi, an daɗe da samun magani. A 1944 Clarence Crafoord na ƙasar Suwidin ya yanke wurin da ya matse, ya ɗinke bakin jijiyar biyu. A 1945 Robert Gross na Amurka ya raba zoben nan. A 1957 Michael DeBakey da abokan aikinsa suka canja bakan ɗungurungum. A nan gida, cikin Fabrairu 1974 aka fara aikin buɗe zuciya a Asibitin Koyarwa na Inugu, inda Magdi Yacoub ya yi aiki tare da Farfesa Fabian Udekwu. Aikin matsi galibi ta haƙarƙarin hagu ake yinsa, ba sai an tsai da zuciya ba. Ga manyan yara kuma akan zura siririn bututu ta cinya a buɗe wurin ba tare da yanka ba.

Mu da ke zaune a Kudu muna da rawar takawa. Awon farko ana iya yinsa a Yola, ko a Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Amma yawancin asibitocin da ke aikin zuciya a ƙasar nan suna kusa da mu ne, a Ikko da Badun da Ile-Ife da Inugu. Mu muka san hanya, mu ke da masauki, ƙungiyoyinmu da Sarakunan Hausawa kuma sun saba haɗa gudummawa.

Saboda haka in saƙo irin wannan ya sake zuwa, kada a tsaya ga aika kuɗi kawai. A ce wa uwar yaro ta kai shi asibiti, ta roƙi a taɓa matsematsinsa, a auna hannu da ƙafa, a kuma faɗa maka abin da aka gani. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.