Hayaƙin Tsohuwar Mota da Robar Bawul

Tun daga shekarar 1975, sa'ad da masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara harhaɗa motoci, Kaduna ta zama gari mai yalwar injuna da ƙwararrun masu jinyarsu. Don kuwa ƙirar 504 da 505 na wancan zamani, tare da motocin Beljiyam da suka riƙa kwararowa daga baya ta Kwatano, har yanzu da yawansu suna bisa hanya, kuma wanda duk ya ratsa Abakpa ko Unguwar Shanu ya nufi Kawo ba zai rasa ganin wata a gindin itace an ɗaga mata bonet ba. Kukan da masu irin waɗannan motoci suka fi kai wa makaniki shi ne mota tana hayaƙi, tana shan baƙin mai, amsar da suka fi samu kuwa ita ce, "Alhaji, ringi ya cinye, sai an sauke inji." Alhali sau da yawa illar ba ta kai nan ba, tana tattare ne da wata 'yar roba wadda ba ta fi kan ɗan yatsa ba, mai suna robar bawul. Wannan rubutu zai bayyana aikinta, da alamun mutuwarta, da yadda ake canja ta.

Sai an fahimci inji kafin a fahimci robar. Injin fetur, bisa ƙa'idar da Nikolaus Otto na Jamus ya tabbatar a 1876, yana aiki ne da motsi huɗu: fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙin. Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu a samanta, ta shiga da ta fita, bawul ne kuma marfinsu. Saboda haka tsohon inji mai silinda huɗu bawul takwas gare shi, na baya-bayan nan kuwa goma sha shida. Kowane bawul yana da siririyar sanda mai kai da komowa a cikin wani bututu na ƙarfe, kuma idan inji yana juyi 3,000 a minti, to sandar tana sauka ta hau sau 1,500 a wannan mintin. Ƙarfe mai gogayya haka ba ya rayuwa sai da mai, mai kuwa idan ya yi yawa zai bi bututun ya gangara inda wuta take. Shi ya sa aka ɗora roba a bakin bututun, tana share sandar, tana barin gwargwadon laimar da za ta hana ta cinyewa, ba ƙari ba ragi.

Zafi da tsufa su ne ajalin wannan roba. Kan bawul ɗin fita yakan haura digiri 700 na zafi, wani sashe na zafin kuma yana bin sandar ya hau. In aka haɗa da zafin bazara, da doguwar tsayuwa a cunkoso, da lagireton da ƙurar hunturu ta toshe, da baƙin man awo wanda ba a san asalinsa ba kuma ba a juye shi kan kari, sai robar ta ƙandare ta daina kama sanda. Wadda aka ciro daga injin da ya shekara ashirin, in ka matsa ta tsakanin yatsu, ba ta lanƙwasa, sai ta farfashe kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Hukunci ba ya inganta sai da hujja, hujjar farko kuwa launin hayaƙi ne. Baƙin hayaƙi shaida ne cewa fetur ya rinjayi iska, sai a tuhumi kafireta ko matatar iska. Fari mai kauri, wanda ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, ishara ce ga gasket ɗin da ya ƙone. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri shi ne na baƙin mai, shi ma kuma hanya biyu gare shi, wajibi ne a rarrabe su ta lokacin da yake fitowa. Idan mota ta kwana, aka tashe ta da asuba ta yi aman hayaƙi, bayan ɗan lokaci ya ɗauke, ko ta daɗe tana silo a cunkoso, da aka taka totur ta tunkuɗo shi sau ɗaya ta yi shiru, ko aka saki totur a gangara, da aka sake takawa ya biyo baya, to zato mafi rinjaye robar bawul ce. Sababin kuwa shi ne mai yana tsattsafowa ta bututun cikin dare ya taru, kuma a duk lokacin da totur yake rufe zuƙar inji tana ƙaruwa har ta jawo man daga sama. Amma idan hayaƙin yana ƙaruwa ne yayin da mota ta ɗauki kaya ko take hawan tudu, ƙarfinta ya ragu, kuma in an buɗe murfin zuba mai sai a ga tururi yana bugowa, to ringin fistan ne. Ma'aunin matsi, wanda ake ɗaurawa a ramin filogi, shi ke ƙarfafa zato: silindar da ta nuna rauni, sa'an nan ta farfaɗo bayan an ɗiga mata ɗan mai, ringinta ne ya gaza, in kuwa duka huɗun sun yi daidai da ƙarfinsu, babu dalilin gaggawar sauke inji.

Hanyar gyara biyu ce. Ta farko a cire kan inji ɗungurungum, wanda ya fi dacewa idan gasket ma ya tashi ko bawul yana bukatar wasawa. Ta biyu, wadda ta fi sauƙin kuɗi, a yi aikin kan yana zaune, sharaɗinta kuwa a hana bawul faɗawa cikin silinda sa'ad da aka sake shi. Garejin da ke da injin iska yakan hura ta ramin filogi ta riƙe bawul. Wanda ba shi da shi sai ya yi dabarar igiya. Makaniki ya cire filogi, ya juya inji da sifana har fistan ya sauka, ya zura tsabtatacciyar igiya mai laushi a ramin kaɗan-kaɗan, ya bar wutsiyarta a waje, sa'an nan ya juya inji da hannu a hankali har fistan ya taso ya danne igiyar a ƙarƙashin bawul. Daga nan sai ya matse sifirin da abin matsewa, ya ɗauke 'yan makullai biyu da ke riƙe kan sandar da maganaɗisu, bayan ya toshe ramukan komawar mai da tsumma, domin makulli ɗaya in ya sulale ciki ya isa ya mai da aikin yini na mako.

A nan ne ake sanin gwani. Kafin ya ɗora sabuwar roba sai ya kama sandar ya girgiza ta gefe da gefe; in tana wasa da yawa, bututun kansa ya cinye, kuma sabuwar roba ba za ta yi ƙarko a kansa ba, gaskiyar da ya kamata ya faɗa wa mai mota nan take. In sandar ta tsaya, sai ya shafa wa robar mai, ya rufe tsagin kan sandar da siririyar leda don kada ya yanke leɓenta, ya danna ta a miƙe ba da duka ba, yana lura cewa a wasu injuna ta shiga daban ta fita daban. Bayan an gama silinda huɗu, injin da ke da sandunan turi irin na 504 sai an sake auna ratar bawul ɗinsa. Wanda aka cire wa kamshaf kuwa sai an mayar da taimin bisa alamarsa. Wajen saye, ko a kasuwar Panteka ko a wani shago, robar Viton, wadda ke jure zafin da ya kai digiri 200, ta fi mai araha, domin kuɗin aikin ya ninka na robar, araha kuma ba ta ado. Kada a yanke ƙauna in hayaƙi bai ɗauke a ranar ba, saboda man da ya taru a salansa sai ya ƙone tukuna. Sandar awon mai ita ce za ta ba da shaida bayan 'yan makonni.

Saura mas'ala guda. Wasu sukan ɗura mai mai kauri ƙwarai don hayaƙi ya lafa. Mai mota da ya yi haka don ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata, kansa ya jinkirta wa. Amma wanda ya yi don ya kai ta kasuwa, ya shiga abin da malaman fiƙihu suka kira algus, sun kuma hukunta cewa mai saye yana da haƙƙin mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana. Haka makanikin da ya san roba ce ya ce ringi, ya ci amanar da aka damƙa masa tare da makullin mota. Kariyar mai mota daga duka biyun ita ce ya ga an tashi injin da sanyinsa, ya kuma nemi a auna matsi a gabansa kafin a kwance ko da noti ɗaya.