Makarantar da ɗalibai ke biyan kuɗinta da guminsu

A birnin Shikago na ƙasar Amurka akwai wata unguwa mai suna Pilsen. Yawancin mazaunanta mutanen Meksiko ne da suka zo ci-rani, suka zauna, suka hayayyafa. A nan ne, cikin shekara ta 1996, limaman Katolika na ƙungiyar Jezuwit suka buɗe wata makaranta da suka raɗa ma suna Cristo Rey, wato Almasihu Sarki da harshen Sifaniyanci. Ta fara da ɗalibai ƙasa da 100. Yau ga shi makarantu wajen 40, a jihohi sama da 20, sun ɗauki sunanta ko tsarinta. Abin da ya fid da ita daban shi ne hanyar da ta bi ta warware wata tsohuwar matsala: ta ƙaƙa ɗan talaka zai samu karatu mai nagarta alhali karatun nan kuɗi gare shi?

Mafarin matsala

Makarantun Katolika ba baƙi ba ne ga mutanen ƙasar nan, tun da ga Mariyama nan a Yamai. A Amurka kuwa sun daɗe ƙwarai. Tun 1884 manyan limaman ƙasar suka taru a birnin Baltimo, suka yanke cewa kowace majami'a ta gina makaranta tata. Farkon shekarun 1960 yaran da ke cikin waɗannan makarantu sun zarce miliyon 5. Karatun yana da araha a lokacin, domin mata masu zaman zuhudu su ne galibin malamai, kuma abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba.

Daga baya yawan matan nan ya ragu. Tilas aka ɗauki malamai masu iyali, masu bukatar cikakken albashi. Gwamnati kuma ba ta biyan malaman makarantun addini a can. Sai kuɗin makaranta ya yi ta hawa, makarantun unguwannin talakawa suka yi ta rufewa. A ƴan shekarun nan ɗaliban ba su kai miliyon 2 ba. Manyan lise na Katolika masu shirya yara shiga jami'a sun tsira, amma da yawansu sai ɗan mai hali ke iya taka ƙofarsu.

Da ƴan Jezuwit suka bi unguwar Pilsen suna tambayar iyaye abin da suka fi bukata, amsar ita ce makaranta mai kai yaro jami'a. Aka kirawo John Foley, wani limami da ya yi fiye da shekara 30 yana aiki a ƙasar Peru, aka ba shi shugabanci. Niyya ta samu, amma iyaye ba su da abin biya. Wani mai ba da shawara, Richard Murray, shi ya kawo dabara: yaran su yi aiki, ladan aikinsu ya riƙe makaranta.

Aiki ɗaya, yara huɗu

Ga yadda abin yake tafiya. Makaranta kan ƙulla yarjejeniya da banki, ko asibiti, ko biron lauyoyi, ko wani kamfani. Kamfanin ya ba da gurbin ma'aikaci guda, makaranta ta raba shi ga ɗalibai huɗu. Kowane yana da ranarsa cikin sati, rana ta biyar kuwa karɓa-karɓa ake yi. Ta haka kowane yaro yana aikin kwana 5 a wata. Kuɗin ba ya shiga aljihunsa, makaranta ake biya, kuma shi ke ɗaukar babban kashi na abin da ake kashewa wajen karatunsa. Iyaye su ba da ɗan abin da ƙarfinsu ya kai, masu taimako su cika saura.

Kafin a tura sabon ɗalibi, sai an hore shi cikin babban hutu. Ana koya masa gaisuwa irin ta biro, da amsa talho, da jera takardu, da aiki da kwamfuta, da zuwa kan lokaci. Ran aiki yakan zo makaranta da safe cikin tufafi masu tsabta, a duba shi, sannan a kai shi wurin aiki. Shugabansa na can yana ba shi maki kamar yadda malami ke bayarwa a aji. Wanda ya yi fashi ba dalili sai ya rama ranar.

Don kada aiki ya ci karatu, an tsara darussa yadda ba a koyar da aji ran da ƴan ajin suke wurin aiki. An kuma tsawaita yinin makaranta da shekarar karatu fiye da na makarantu da yawa.

Cikin aji

Karatun shekara 4 ne, yaro ya shiga yana da wajen shekara 14, ya fita yana da 18. A Amurka babu jarrabawar bak ta ƙasa baki ɗaya. Jami'a takan dubi makin ɗalibi na dukan shekarun, da takardun shaida na malamansa, da wani rubutu da ya yi game da kansa, wasu kuma su haɗa da sakamakon wata jarrabawa ta musamman. Saboda haka babu shekarar wasa. Ana koyar da Ingilishi, lissafi, kimiyya da tarihi. A makarantar Pilsen ana ba wasu darussa da Sifaniyanci, don yaro ya ƙware a harshen gida da harshen biro duka biyu.

Darasin addini yana cikin tsarin kowace shekara, tare da addu'a, da kwanakin keɓewa don tunani, da aikin taimakon marasa ƙarfi. Amma ba a gindaya sharaɗin zama Katolika ba kafin a karɓi yaro. Sharaɗin da ba a ɗagawa shi ne na samu: makarantun nan ƴaƴan masu ƙaramin ƙarfi kaɗai suke ɗauka.

Wannan tarbiyya tana da dogon tarihi. Inyas na Loyola ne ya kafa ƙungiyar Jezuwit, Paparoma ya amince da ita a 1540, ta buɗe makaranta a Mesina, cikin tsibirin Sisil, a 1548. A 1973 shugabanta na lokacin, Pedro Arrupe, ya ja hankalin tsofaffin ɗalibanta cewa manufar karatunsu ita ce fid da mutane masu amfanin wasu.

Da yawa daga cikin yaran su ne na farko a gidansu da za su shiga jami'a. Ubansu bai san yadda ake cika takarda ba, uwarsu ba ta san inda ake neman taimakon kuɗin karatu ba. Shi ya sa akwai malamai da aka ware don wannan aiki kaɗai, suna bin kowane ɗalibi har ya samu gurbi.

Inda gizo ke saƙa

Tsarin ya yaɗu da sauri. A 2001 aka buɗe ta biyu a birnin Portland, sannan masu hannu da shuni, irin su B. J. Cassin da gidauniyar Bill da Melinda Gates, suka zuba kuɗi aka buɗe wasu. Duk da haka yana da rauninsa. Ba ya yiwuwa sai a babban birni mai kamfanoni da yawa. Kuma rai na makarantar yana hannun kamfanonin: a 2020, da annobar korona ta sa aka rufe birori, guraben aiki da dama sun salwanta, makarantu suka ji a jika. Akwai kuma masu cewa yaran da ake ɗauka dama masu himma ne, don haka ba a auna nasararsu da ta makarantar gwamnati wadda ba ta mai da kowa.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma abin da yaro ke samowa wurin aiki ya wuce kuɗi. Ɗan leburan da bai taɓa shiga dogayen benayen tsakiyar Shikago ba, ga shi yana zaune tare da lauyoyi da likitoci, yana ganin cewa su ma mutane ne da suka bi ta makaranta. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda kuma ya san da guminsa aka biya kujerar da yake zaune a kai, da wuya ya yi barci a kanta.