Daga Tudun Wada zuwa Yankari: yadda iyali za su yi tafiyar ganin namun daji

 Yau zancen tafiya za mu yi.

Na san da yawanku kuna cin karo da bidiyon nan a TikTok da YouTube: Bature ya kwashi matarsa da 'ya'yansa a wata mota mai ɗaki a ciki, da gado da wurin girki, suna bin gaɓar teku, su tsaya su sa gilashin ninƙaya su leƙa kifaye, gobe su wuce kallon namun daji. Sai ka ga ɗan uwanmu ya rubuta a ƙasa, "mu dai sai a Aljanna." To ni ban yarda ba. Gaskiya ne Zariya ba ta da teku, kuma irin waccan motar ba a ganinta a titunanmu. Amma abin da suke nema, wato ruwa garai-garai da dabbobi a dajinsu, muna da shi a jihar Bauchi. Sunansa Yankari.

Dajin yana ƙaramar hukumar Alƙaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, kanki, mazo, mugun dawa, dorina, kada, gwaggon biri, da tsuntsaye sama da iri 350.

Maganar mota. Mu "motar ɗakinmu" ita ce Sienna ko bas da aka ɗauka shata. Gida biyu ko uku su haɗa kuɗi, ko a yi adashi na wata uku, nauyin sai ya ragu. Daga Zariya a bi ta Pambeguwa da Saminaka a shiga Jos, a wuce Bauchi. Daga Bauchi a kama hanyar Gombe, a Dindima a karya, har ƙofar dajin da ke Mainamaji. Ku lura fa, isa ƙofa ba isa masauki ba ne: akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji kafin sansanin Wikki. Shi ya sa shawarata ita ce a tashi bayan sallar asuba, a kwana a Bauchi, washegari a shiga da hantsi. Kada a yi tafiyar dare. Kafin ranar tashi a je tasha a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki, a kuma kira masaukin a tabbatar da ɗaki da farashi. Idan labarin hanya bai yi daɗi ba, a ɗaga tafiyar. Dajin ba gudu zai yi ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai: lokaci. Mutane kan je da damina, su dawo suna cewa babu komai sai ciyawa. Dalilin a fili yake. Da damina kowane kwari ruwa ne, dabba ba ta da buƙatar fitowa, ga ciyawa ta fi mutum tsawo. Da rani kuwa tafkuna sun ƙafe, ganye ya zube, dole kowa ya gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Nan ake ganinsu. Saboda haka daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacin, kuma ya yi daidai da hutun makaranta. Ana fita zagaye da jagora da sassafe ko da yamma, don da rana tsaka dabbobi na kwance a inuwa. Ku faɗa wa yara tun daga gida cewa wannan ba gidan zu ba ne. Ana iya yin kwana biyu ba a ga giwa ba, sai sawunta da kashinta da bishiyoyin da ta karya. Shi ma darasi ne, jagora zai nuna musu yadda ake karanta sawu.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne tekunmu a wannan tafiya. Maɓuɓɓuga ce da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminta digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ku kwatanta: ana hunturu, leɓe ya tsage, kai kuma kana cikin ruwa mai ɗumi. Ruwan garau yake, kana tsaye kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. A saya wa yara gilashin ninƙaya tun daga gari, su sunkuyar da fuska su kalli ƙarƙashin ruwa. Amma kusa da bakin dutsen akwai zurfin da ya shanye mutum, don haka yaro ya tsaya a inda ruwa bai wuce ƙugunsa ba, babba na kusa da shi. Iyayenmu mata da 'yan uwa mata da ke son sakewa, da sassafe ya fi, kafin jama'a su cika wurin.

Guzuri kuma: dambun nama, kilishi, soyayyiyar miya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ruwan sha, gidan sauro, fitila. Gargaɗi ɗaya: birai na sansanin ɓarayi ne na gani-kashe-ni. Suna fizge leda a hannu, suna shiga mota idan an bar gilashi a buɗe. Kada a ba su abinci, kada a bar ƙaramin yaro yana yawo da biskit a hannu.

Me ya sa na damu da wannan zancen? Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma ƙiyasin da ake yi bai wuce 100 zuwa 150 ba. Masu farautar haure sun rage su, an kuma rasa rayukan masu gadin daji a bakin aiki. A gefe guda, manoman ƙauyukan da ke kewaye suna asarar amfanin gona idan giwaye suka fito, kuma kukansu gaskiya ne. Daji irin wannan yana rayuwa ne idan mutane na zuwa, ana biyan kuɗin shiga, mutanen yankin na samun aiki da ciniki, gwamnati kuma ta san akwai idon da ke kallo. Yaron Tudun Wada da bai taɓa ganin giwa ba sai a katun, da wuya ya tashi kare ta idan ya girma.

Saboda haka ku kai maganar gida. Ku zauna da Baba da Mama, ku yi lissafin mai da masauki da abinci, ku ga nawa zai hau kan kowa. Wanda ya taɓa zuwa, ya faɗa mana watan da ya je da abin da ya gani, don masu shiri su amfana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.